Na Sa An Kwantar Da Motar Babana Da Gangan

Inna Liri, don girman Allah ki taimake ni, na jefa kaina cikin abin da na rasa ta inda zan fita, ga lokaci yana ƙurewa. Na canza sunayen mutanen gidanmu, ƙauyenmu ma ba zan faɗi sunansa ba, domin dangina suna karanta filin nan naki, kuma bakinsu ba ya shiru.

Ni matar aure ce, ina zaune a Tirana, babban birnin ƙasarmu Albaniya, da mijina Ermal da 'ya'yanmu biyu, Klea da Noel. A kantin magani nake aiki. Babana Pandeli yana zaune a hawan ƙasa na benen da muke, shi kaɗai tun rasuwar mahaifiyarmu. Ya ba saba'in baya da 'yan kai, amma idan kika ga tafiyarsa ba za ki ce ya kai ba.

Tunda na yi wayo babu watan Agustan da bai kwashe mu ya kai mu ƙauye bikin Maryamu da ake yi a coci ba. Kin san hanyar: a bi ta garin Vlora, a hau dutsen Logara, a gangara teku tana hannun dama, hanya tana ta lanƙwasa. Baba direba ne tun zamanin da ba mai mallakar motar kansa a ƙasar nan, babbar motar gwamnati ya ja a wannan hanyar har ya yi furfura. Da mulkin ya canza aka saki mutane, shi ne na farko a ƙauyenmu da ya shigo da Marsandi tasa ta kansa, kuma har gobe ita ce a ƙofar gida. Ta tsufa, ba ta da na'urar sanyi, kujerunta suna manne wa cinya da gumi, ga kan tafarnuwa yana lilo a madubi saboda baki. Ba wanda ya taɓa riƙe sitiyarinta sai shi. Ni da nake da lasin, nake kutsawa cikin cunkoson Tirana kullum, cewa yake ƙafata ta yi nauyi. Mijina kuwa sunan da ya sa masa shi ne Ɗan Waya, wai ko banɗaki zai je sai waya ta ce masa ya yi dama.

Tafiyar da ƙa'idarta take, kuma ba a saɓa ta. Da asuba ake tashi, maƙwabciya ta watsa ruwa a bayan mota don neman sa'a, kamar yadda mahaifiyarmu take yi tana da rai. Ba a kunna waƙa, domin yana sauraren inji. Ba a tsayawa iyo ko yara za su shiɗe da kuka suna kallon ruwa ta taga. Wuri biyu yake tsayawa, wata maɓuɓɓuga da yake cika jarka, sai kuma wurin wani mai gasa rago a kan Logara da suke zagin juna tun suna samari. Da aka buɗe sabuwar hanyar da ta ratsa ƙarƙashin dutsen, Ermal ya yi kuskuren cewa a bi ta. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Kai ka bi, Ɗan Waya, rami ai na gafiya ne. Ni ta sama Allah ya san ni.”

To, ga inda matsalar take. A cikin bazarar nan na raka shi kasuwa, rabon da in zauna a gaba kusa da shi har na manta. Muka tsaya a danja. Ta ba mu hannu, bai motsa ba. Sai da na bayanmu ya danna oda sannan ya ja, yana ƙunƙuni wai mutanen yanzu ba haƙuri. Na ɗauka tunani ya tafi. A danja ta gaba aka maimaita, ta gaba ma haka. Nan na gane ba fitilar yake kallo ba, odar na baya yake jira, in kuma akwai mota a gabansa sai ya bi ta. A shataletale saura ƙiris ya kwashe wani mai keke, mutumin ya faɗa kan daɓen gefen titi yana ɗura mana ashar, Baba kuwa ya ce, “Wa yake ihu haka?” Wallahi Inna bai gan shi ba. Na sauka daga motar na ce masa zafi ne ya sa ni jiri.

Daga ranar na fara lura da abubuwan da a da ba na gani. Yana zuba gahawa a gefen kofi ya goge da sauri. Ya daina karanta jarida, wai ƙarya ce zalla a ciki. Ya gaishe da wata mata da sunan maƙwabciyarmu alhali ko kama ba su yi ba. Na ce masa mu je a duba idonsa, ya ce idonsa ya fi nawa, shi da yake hango akuya a kan dutse tun daga garin Orikum. Na sake tada maganar, ya yi kwana biyu bai hau sama cin abinci ba. Na bar maganar.

Za ki ce to mene ne abin wahala, a zaunar da shi a gefe wani ya ja. Sai kin san ƙauyenmu. Idan mota ta zo kwanar ƙarshe da ake hango rufin coci, direba yana danna oda, dattawan da ke zaune a ƙarƙashin bishiyar dandali suna buga wasan domino su ɗaga kai su ga wane ne ya iso. Duk namijin da ya shigo a kujerar gefe, a ranar suke miƙewa su buɗe masa ƙofa, su kama shi ta hammata kamar mara lafiya ko da ƙafarsa garau, su kai shi kan wata kujera mai matashi da ke jikin bangon shagon gahawa. Da wasa ake yi, ana dariya, amma wanda ya hau kujerar nan ya hau ke nan. Ba a sake ba shi juya ragon gashi ranar biki, ba a sake tambayar ra'ayinsa a kan rabon ruwa ko iyakar gonar zaitun, sai dai a riƙa tambayarsa ko ya sha magani. Kuma babana ne ya fi kowa iya wannan tsiyar. Shekarar da abokinsa Spiro ya shigo a kujerar gefe ɗansa yana ja, Baba ne ya fara isa ƙofar yana cewa, “Sannu Spiro, an kawo ka kamar buhun dankali, ko a ɗauko maka bargo?” Dandali ya kwashe da dariya. Spiro yana nan da ransa a kan kujerar, idonsa a kan kwanar hanyar, kuma na san abin da yake jira.

Bana ni na ɗauki shirin tafiyar a kaina. Na ce tunda yara sun girma, bari mu kwana a Vlora, mu yi biki a ƙauye, mu wuce kudu har garin Saranda muna tsayawa duk inda ruwa ya yi kyau. Na nemi masauki, na ɗauki hutu, na saya wa yara kayan iyo. Baba ya yarda da ƙyar, ya ɗauko tsohuwar taswirarsa da ta yage a ninki yana nuna mini inda ake samun mai mai kyau, alhali yatsansa a kan teku yake. Duk lokacin da na rufe ido sai in ga gangaren Logara, babu shinge a wasu kwanonin, ƙasa can teku, 'ya'yana a baya, ba kuma mai danna masa oda ya gaya masa abin da ke gabansa.

Sai na yi abin da na yi. Da ya kai motar gareji a duba ta kafin tafiya kamar yadda ya saba, na bi bayansa da rana na sami bakaniken, Usta Ramiz, wanda ya san mu tun muna yara. Na gaya masa komai, na roƙe shi ya ce famfon mai ya mutu kuma ba a samun irinsa yanzu. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma kafin ya ce, “'Yata, babanki ne ya fara kawo mini aiki lokacin da ba wanda ya san ni. Zan yi don jikokinsa, amma ki sani kin sa ni a tsaka mai wuya.” A ranar Ermal ya kama mana motar haya mai sanyi, muka yi shiru da bakinmu. Lissafina shi ne Baba zai yi faɗa, ya zagi Ramiz, ya haƙura ya shiga ta haya, kuma tunda a takarda sunan Ermal ne a kanta ba zai ce zai ja ba. In an isa ƙauye kuwa yana da abin cewa, motarsa ce ba lafiya.

Ashe ban san ubana ba. Tun daga ranar, kullum da safe sai ya sa farar rigarsa ya hau bas zuwa wuraren da ake farke tsofaffin motoci a hanyar garin Durres, yana bi ɗaya bayan ɗaya yana neman famfo. Kin san zafin da ake yi a watan nan, kwalta har narkewa take. Ya samo wani, ya kai wa Ramiz a jakar leda da murnarsa, Ramiz ya ce bai dace ba. Ya samo na biyu, Ramiz ya ce wannan ma a lalace yake. Wuyansa ya ƙone har yana saɓa, ƙafarsa ta yi bororo. Ranar Talata ya hau bas ɗin da ba shi ba saboda bai ga lambar ba, ya tsinci kansa a wata unguwa da bai sani ba, sai la'asar wani saurayi ya rako shi gida. Ya ce mana direban ne ya canza hanya.

A ranar na jiƙa masa ƙafa a ruwan gishiri, na haɗa masa lemon tsami da ƙanƙara. Yana sha yana kallon bango sai ya dafa kaina ya ce, “Kar ki damu, 'yar baba, zan samo. Ba zan bari ki shiga ƙauye a motar haya kamar marainiya ba. Duk gidan nan ke kaɗai kika san darajar motar nan.” Inna, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Na ce masa albasa na yanka shi ya sa idona yake ruwa, shi kuwa ba ya ma ganin hawayen.

Jiya Usta Ramiz ya kira ni ya ce shi ya gama, in Baba ya kawo na uku zai karɓa ya damƙa masa motar a hannu, domin ba zai zama sanadin faɗuwar tsoho a titi ba. Ermal kuma ya ce in daina ɗaga hankalina, saura kaɗan bikin ya zo, mu lallaɓa Ramiz ya ƙara haƙuri. Har wata dabara ya kawo, wai idan mun iso kwanar ƙarshe sai mu tsaya mu ba Baba sitiyari ya danna odarsa ya shiga dandali da kansa, kowa ya huta. Ya ce, “Daga kwanar zuwa bishiya ai ko makaho ya kai.” Na ji haushin kalmar har na jefe shi da tsumman kicin, amma a raina na ce ko dai haka za a yi.

Akwai kuma wani abu da ban gaya wa kowa ba, ke ma da ƙyar nake rubuta miki. Ba tsoro kaɗai ne ya kai ni garejin ba. Wani ɓangare na zuciyata murna yake yi. Na gaji da tashin asuba, na gaji da gumi da shiru da sauraren inji. Ina son in kunna waƙa, in bi ta ƙarƙashin dutse in fito cikin mintoci, in tsaya inda na ga dama in shiga ruwa da 'ya'yana ba wanda yake duba agogo. Shekara da shekaru nake son tafiyar nan ta zama tawa. Shi ya sa idan na ce wa kaina don yara na yi, sai wata murya ta ce mini ƙarya kike, dama kika samu. Wace irin 'ya ce ubanta yana makancewa ita tana tunanin inda za ta yi iyo?

Ba na iya cin abinci. In na gaya masa gaskiya, na san shi, zai iya share shekara bai yi mini magana ba, kuma zai rasa Ramiz, zai tsani Ermal fiye da da. In na yi shiru, ko dai rana ta kayar da shi a bakin titi, ko ya karɓi motarsa ya ce kowa ya shiga. Kabarin mahaifiyarmu yana ƙauyen, bai taɓa fashin kunna mata kyandir ranar bikin ba, ba zan iya cewa a fasa ba. Me zan yi? Ki faɗa mini ko da zagina za ki yi, na cancanta.

'Yar Direba, Tirana

*

'Yar Direba,

Ba zan zage ki ba, kin riga kin yi wa kanki wanda ya isa. Zauna mu raba abin gida biyu, domin kin cakuɗa abin da kika yi daidai da wanda kika ɓata, shi ya sa kika kasa ganin hanya.

Abin da kika gani a danja gaskiya ne, kuma hukuncin da kika yanke daidai ne. Mutumin da bai ga mai keke a shataletale ba, ba zai ja mota a Logara ba, da jikokinsa ko ba su. Ba a kan 'ya'yanki kaɗai maganar take ba, akwai 'ya'yan wasu a motar da za ta taho ta ɗaya hannun. Wannan ba abin da za a sa a muhawara ba ne, kuma fushin babanki duk girmansa bai kai nauyinsa ba. Ki riƙe wannan da kyau, domin za ki buƙace shi idan ya fara faɗa.

Inda kika ɓata shi ne hanyar da kika bi. Kin ji tsoron fuskarsa, sai kika tura Usta Ramiz ya tsaya a gabanki, kika sa mutumin kirki ya yi wa tsohon abokinsa ƙarya har sau uku. Kin ce kin yi ne don ki kare mutuncin babanki, na kuma yarda haka kika nufa. Amma duba yadda abin ya kasance: 'yarsa ta sani, surukinsa ya sani, bakanikensa ya sani, shi kaɗai ne yake yawo a rana da jakar leda. Ranar da zai gane haka, kuma zai gane, abin zai fi masa ciwo fiye da duk wata kujerar da ke jikin bango. Ramiz ya yi gaskiya da ya ce ya gama. Ki kira shi ki ba shi haƙuri, ki ce ya riƙe mukullin har ki yi magana da Baba, kuma ki tabbatar Baba ya san ke kika matsa masa.

Dabarar mijinki kuwa ki bar ta inda ya ajiye ta. Na san da kyakkyawar niyya ya kawo, amma wata ƙarya ce a kan waɗanda aka riga aka yi. Ranar biki dandalin ƙauye cike yake da yara masu guje-guje da tsofaffi masu sanda, kuma ɗan tsakanin nan da yake rainawa ya isa a take mutum. Ban da haka, in an yi bana, me za a yi baɗi? Kuma kina ganin dattawan da suka shekara suna kallon kwanar nan ba za su lura da motar da ta tsaya aka yi musanyar kujera ba? Sai dai ki ƙara wa Spiro abin ba da labari.

Yanzu bari in tsaya wa babanki kaɗan, domin wasiƙarki ta sa na ji shi a raina. Mutumin da yake jiran odar na baya kafin ya ja ya san ba ya ganin fitila. Wanda yake goge gahawa da sauri ya san ya zubar. Ba zan rantse miki ba, amma ina kyautata zaton ya riga ki sanin halin da idonsa yake ciki, kuma ya daɗe yana jin tsoro shi kaɗai ba wanda zai gaya wa, tunda wadda zai gaya wa ta rasu. Tuƙi ba sana'arsa kaɗai ba ce, da shi ya ciyar da ku, da shi aka san shi a ƙauye. Idan ya yi miki tsawa a kan maganar likita, ba raini ba ne, firgici ne. Ƙaryar da kika shirya ta bar shi cikin firgicin nan shi kaɗai, ta kuma ƙara masa tafiyar ƙasa.

Maganar likitan ido ba ta jira bayan biki. Ni ba likita ba ce, ke ma da kike sayar da magani kin fi ni sanin cewa wani ciwon idon tsufa ana yi masa aiki mutum ya warke, wani kuma sai dai a tsayar da shi inda ya kai. Kar ki yi masa alkawarin zai koma tuƙi, ba ki sani ba. Ki ce masa dai ku je a gani, kuma ke za ki raka shi. Ko me likita zai ce, bana ba shi ne a kan sitiyari ba.

Game da tafiyar, ga shawarata. In Ramiz ya tabbatar Marsandin za ta iya, ku tafi da ita, ki mayar da ta haya, ku sha guminku na shekara guda. Ke za ki ja, ba Ermal ba. Da wuya namiji irin babanki ya ba suruki sitiyarinsa, amma 'yarsa wani abu ne daban. Kafin ranar ki ce ya zauna a gefenki ku fita bayan gari ya koya miki halin motar, ki bar shi ya yi ta ce miki ƙafarki ta yi nauyi. Ranar tafiya ya zauna a gaba, ku bi ta sama, ku tsaya a maɓuɓɓugarsa da wurin mai ragonsa. Kwanonin Logara suna kansa ko ido a rufe, zai gaya miki inda za ki sauke giya tun kafin ki ga kwanar, kuma za ki ji daɗin hakan fiye da yadda kike zato. Daga ƙauye zuwa Saranda kuma tafiyar taku ce, a kunna waƙa a tsaya iyo, ki gaya masa haka tun daga gida.

Wannan ya kawo ni kan abin da kika ce ba ki gaya wa kowa ba. Son ki huta, ki shiga ruwa da 'ya'yanki, ba laifi ba ne, kuma bai soke tsoron da kika ji a danja ba. Mutum yana iya yin abu saboda dalili biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami, ƙaramin bai mai da babban ƙarya ba. Da idon babanki lafiya, da ba ki je garejin ba, da kin shiga kin yi guminki kamar kullum. Ki sauke wannan kayan, wanda ke kanki na gaske ya ishe ki.

Dandali kuma ki bar masa. Za su buɗe masa ƙofa, Spiro zai rama, kuma yana da haƙƙin ramawa. Kar ki fito kina kare shi ko kina bayani, wannan zai fi zubar da shi. Babanki yana da bakin da zai mayar wa kowa amsa. In aka gama dariyar, mutumin da zai zauna kusa da shi Spiro ne, kuma duk ƙauyen ba wanda ya fi shi sanin yadda ranar farko take.

Zai yiwu ya yi fushi ya ce ba za shi ba. In haka ta faru kar ki fasa, kar kuma ki roƙe shi har ki janye maganarki. Ki shirya, ki bar masa kujerar gaba har lokacin tashi, ki buga masa ƙofa sau ɗaya. Ina ganin mutumin da bai taɓa fashin kyandir ɗin matarsa ba zai fito, ko da bai ce miki uffan ba har Vlora. In bai fito ba ki kunna mata a madadinsa, ki dawo ki ci gaba da kai masa abinci. Fushin uba yana da ranar ƙarewa.

Kar ki kai gobe. Ki sauka wurinsa yau, ke kaɗai, ba miji ba yara. Kar ki fara da dogon zance, kuma kar ki ce likita ne ko Ermal ne ko Ramiz ne. Ki ce masa, Baba, motarka lafiyarta ƙalau, ni ce na sa aka riƙe ta, domin na ga ba ka gani kuma na ji tsoro, ka yafe mini. Daga nan ki yi shiru. Ko ihu zai yi, ko juya miki baya, ko kuka, ki zauna inda kike kar ki tashi, domin ya daɗe yana ɗauke da abin nan ba kowa a gefensa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ba Baba Pandeli lafiya, ya kai ku bakin teku ya dawo da ku gida gaba ɗayanku.

Inna Liri